Tsakar Gidanmu Ta Fi Fatakwal Nisa

Ƙofar Durbi,
Birnin Katsina,
Ranar Asabar.

Zuwa ga ƙanwata Furera,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa daga nan gida, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Mahmud da yara baki ɗaya. Yaya ruwan Fatakwal, wanda kuke cewa ba ya ɗaukewa? Yaya ƙafar Alhaji, ta saki kuwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya ɗiyarki Sadiya da goyo, yaya autanki Ashraf da makaranta? Allah ya raya mana su bisa tafarki, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau, har sabon gero ya fara shigowa Babbar Kasuwa. Ɗiyarki ta wajena, Rahama, tana ɗakinta a Ƙofar Marusa lafiya lau, cikin ya fara nauyi. Ƙanenmu Dabo kuma ga shi nan za ki gan shi, don gobe zai tashi zuwa Aba sarin atamfa, na roƙe shi ya daure ya ƙarasa wurinki ya sa miki takardar nan a hannu, kada ya ba direba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin nan. Rabon da in rubuta miki tun shekarun farko da aka kai ki can, lokacin soja ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, muna aika miki wasiƙa da kaset da kuka da daddawa ta hannun direbobin manyan motoci. Tun ranar Laraba kike kirana, ina kallon 'yar wayata tana kuka har ta gaji. Ba lalacewa ta yi ba, ƙin ɗauka na yi. Abin da ke raina ba zai faɗu a waya ba, don wayar ita ce tushen maganar. Kuma kin san bakin yayarki, in na buɗe shi da zafi sai na faɗi abin da zan dawo ina cizon yatsa. A takarda ko ba komai ina iya sokewa.

Abin da Inna ta gaya miki gaskiya ne. Maƙoƙo ne ya fito mini a wuya, tun wajen azumin bara na fara jin shi, yanzu ya girma har yana tokare ni in zan haɗiyi tuwo. Likita ya ce sai an yi aiki, an kuma sa ranar Alhamis mai zuwa. Ya ce in sha Allahu ba abin tsoro, amma bai ɓoye mini ba cewa wurin kusa yake da inda murya ke fita, wasu sukan tashi da dishewa ta ɗan lokaci, wasu kuma takan zauna musu. Ba kuɗi nake nema ba, wannan Dabo ya gama da shi, Allah ya saka masa. Abu ɗaya nake so kafin a sa mini wuƙa: in durƙusa gaban Inna da muryata tana nan, in nemi gafararta, ta dafa kaina ta yafe mini. Ko Makka mutum zai tafi sai ya nemi wannan, balle inda za a kwantar da shi a ɗauke masa hankali. Abin nan da bai fi a yi shi kafin ruwan shayi ya tafasa ba, shi ne ya gagare ni wata da watanni.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Furera. Kishinki nake yi. Na rubuta na soke, na sake rubutawa, don shi ne gaskiya. Ni da furfura ta fara, ni da zan yi jika kwanan nan, ina zaune ina kishin ƙanwar da na goya a bayana. Ki yi dariya in kin ga dama, amma ki karanta har ƙarshe.

Ke auta ce a mata, ba ki san zaman ɗiyar fari ba. Ke kin hau cinyar Inna, kin ci a kwanonta, ta kira sunanki gaban kowa. Ni tun da na buɗe ido ban taɓa jin Zuwaira a bakinta ba, sai waccan, sai yarinyar nan. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama hira da ni, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ban kuma taɓa riƙe ta da shi ba. Dalili kuwa, ina da nawa kason. Inna da wutsiyar ido take kallona, kuma wallahi wutsiyar idon nan ta fi idon wasu biyu gani. Lokacin da Malam Yahaya ya rasu na gama takaba na dawo gidan nan, ko sau ɗaya ba ta ce mini sannu ba. Amma in na wuni ban ci ba, sai in ji tana tsakar gida tana gaya wa bango cewa wasu dai yau ba su sa komai a baki ba, ko so suke su bi wanda ya tafi. Kafin in juya sai in tarar da fura a ƙofar ɗakina an rufe da faifai. In zazzaɓi zai kama ni, ita ke riga ni sani, sai in ga ta ɗora tukunyar ganye tana faɗa da yara a kan wani abu daban. In na yi sabon ɗinki, sai ta gaya wa Rahama cewa atamfar uwarta ba ta yi muni ba. Da haka na rayu, kuma ya ishe ni. Ke kin samu gaban ido, ni na samu gefensa, ban taɓa ganin an ƙware ni ba.

To, wayar da kika aiko mata da babbar sallar waccan, gefen idon nan ta zo ta ɗauke. Ba na cewa da mugun nufi kika yi. Bayan rasuwar Baba Inna ta yi sanyi, ta rage magana, kuma ranar da ta fara ganin fuskarki a gilashin nan ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ni kaina na sa miki albarka a ranar. Ni na koya mata inda ake dangwalawa. Tabarau ɗin da ta ƙi sawa shekara da shekaru, wai na 'yan boko ne, da kanta ta aike ni in nemo shi a ƙasan adaka. Da fari ke kaɗai ce, da safe da yamma. Sai aka sa ta a zauren zuri'ar Malam Babaji da kuka buɗe, inda kowa ke zuba hotuna da saƙon murya. Daga nan ta gano bidiyo. Wannan ya ƙare wani ya hau, ba mai ce mata ya isa: masu wa'azi, masu girki, masu maganin gargajiya, 'yan siyasa suna yi wa juna tonon silili lokacin zaɓe. Inna da ba ta san sunan kansilan unguwarmu ba, sai ga ta tana yi mini bayanin rikicin jam'iyya a jihar da ba ta taɓa takawa ba. Ni ma ba da ni take ba, da gilashin take.

Ba za ki gane Innar da ke gidan nan ba, don ke wadda kike gani a shirye take, ta ɗaura kallabi, ta jingina wayar da kwanon goro, duk hankalinta na kanki. Wadda nake zaune da ita daban ce. Takan fara ba da labari, wayar ta yi ƙit, shi ke nan labarin ya mutu a tsakiya, in aka tuna mata ta ce wane labari. Koko ya huce a gabanta har ya yi fata. Lazimin da takan ja bayan asuba har rana ta fito, yanzu carbi na hannun dama, waya na hagu, kuma na lura da hannun da ya fi motsi. Takan zabura ta ce wayar ta yi ƙara alhali ba ta yi ba. Ran da aka ɗauke wuta cajin ya ƙare, kada ki so ki ga gidan nan, kowa ya yi laifi, har kaji. Gwiwar da ta ce ba za ta kai ta gidan Malam Sagiru gaisuwar mutuwa ba, gida uku tsakani, wai ta aika musu da murya ya wadatar, ita ce gwiwar da ke kai ta zaure da sauri in sabis ya ɗauke. Ita ce fa ta raine mu da cewa zumunta a ƙafa take. Akuyarta ta haihu a bayan ɗakinta, tagwaye, suna ta kuka tun safe, ba ta sani ba sai da matar Dabo ta sa hoton a zauren zuri'a. Sai ga ta tana tambaya wai akuyar wa ce mai kama da tata.

Amma ku, ba abin da ba ta sani ba. Ta san haƙoran ɗan Sadiya da suka fito da waɗanda ke hanya. Ta san sunan malamin lissafin Ashraf, ta san yaron ba ya son albasa. Ran nan mura ta kama ki, kin yi atishawa a waya, Inna ta wuni tana jimami, ta sa ni daka miki citta da kanumfari da masoro a ba Dabo. Na zauna ina dakan nan da wuyana a kumbure, numfashi na yi mini wuya, ina dakan maganin murar Fatakwal. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ke ɗora mata ruwan wanka, ni ke yanke mata farce, ni ke shafa mata man zafi, amma in ta buɗe baki sa albarka, Furera ce ɗiyar kirki mai tunawa da uwa. Ban ce ba ki cancanta ba. Na dai ce yana ci mini rai, kuma in na ji ƙarar kiranki da safe sai in ji wani abu ya tokare ni wanda ba maƙoƙon ba ne.

Kada ki ce me ya hana in gaya mata kawai. Ba a yi mu haka ba, ni da ita. Ban taɓa zama gabanta na ce Inna ga abin da ke damuna ba, ita ma ba za ta san inda za ta sa fuskarta ba. Hanyarmu ita ce in bari ta gani, ko in faɗa wa wani inda za ta ji. Na kuwa bi hanyar. Wata rana ina shafa mata mai a gwiwa na cire mayafina gaba ɗaya, na ɗaga haɓa, wuyan nan yana daidai ƙarƙashin idonta. Tana ta ƙyaƙyata dariya, Ashraf na yi mata rawa da kayan makaranta. Na gama na rufe kwalba na tashi, ba ta ma san na canja ƙafa ba. Wata rana kuma da Rahama ta zo, na tsaya tsakiyar tsakar gida na ɗaga murya ina ba ta labarin asibiti da hoton da aka ɗauka da ranar da likita ya sa. Innar da, ko raɗa aka yi a madafa sai ta ji. Na leƙa in ga yadda ta ɗauki maganar, ashe 'yar igiyar nan da kika aiko ta saƙalawa a kunne tana ciki, tana gyaɗa kai ita kaɗai.

Da na ga haka sai na ce wa Dabo shi namiji ne, kuma ba kunya tsakaninsu, ya gaya mata ran Juma'a in ya zo gaisuwa. Na kuma gargaɗe shi da Rahama kada wanda ya sa maganar a zauren zuri'a, don ba na son uwata ta ji ciwona a waya muna gida ɗaya. Shi ya sa ke ma ban gaya miki ba, na san zance ba ya kwana a cikinki. Dabo ya zo bayan masallaci, ya durƙusa ya gaishe ta, ta miƙa masa wayar wai ya ga wani mai kama maciji. Shi ma ya zaro tasa wai akwai wanda ya fi wannan. Ina kallonsu ta labule, kai biyu a sunkuye har aka kira la'asar. Ya tashi ya karkaɗe riga ya yi sallama. Sai da ya kai shago ya tuna, ya kira ni yana ba ni haƙuri. Ki tambaye shi, ga shi nan gabanki, in ya musa ki ce ya ji tsoron Allah.

Kin tuna Hajiya Kulu ta bayan gidanmu, aminiyar Inna tun suna amare? Ita ta fara ganin wuyan nan, a gidan suna, tun bai kai haka ba. Ta ja ni gefe ta ce in je asibiti kada in tsaya shafe-shafe. Ta daina shigowa wurin Inna tun tuni, ta ce ta gaji da yin hira da ƙeyar waya. Ranar Laraba da hantsi ta leƙo duba ni, ta tarar ina ninke kayan da zan tafi da su asibiti ina share hawaye. Na gaya mata komai. Ta ce an tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. Sai kuma ta ce, cikin zolaya irin tata, in ina son uwata ta gan ni sai dai in shiga cikin gilashin nan. Muka yi dariya. Dariyar ba ta ƙare ba na ga ta kwance bakin zane ta fito da wayar da ɗanta ya saya mata. Ta ce tata irin mai nuna fuska ce, kuma lambar Inna na ciki. Na ce Hajiya wannan ai abin kunya ne, daga ɗaki zuwa ɗaki. Ta ce kunyar ce ta kai mu inda muke. Ta danna ta ɗora mini a hannu, ta fita zaure ta ba ni wuri.

Bugu ɗaya Inna ta ɗauka, tana zaton Hajiya Kulu ce, har ta fara tsokanarta wai yau an tuna da ita. Sai ta ga fuskata ta cika gilashin. Na ga ta yi turus. Da a fili ne, kau da kai za ta yi ta shiga gyaran shimfiɗa. Amma a waya ba gefen da za a kalla, kuma idon ya riga ya saba, in ya hau gilashin nan ba ya sauka. Furera, Inna ta kalle ni. Ni ma na kalle ta, har na ga wani farin yana da ya fara rufe mata idon hagu, wanda ban taɓa lura da shi ba duk zaman da muke yi, a kai ta a duba shi in na tashi. Ta matso da wayar kusa da fuskarta, ta gyara tabarau, ta tambaye ni mene ne wannan a wuyana. Da ni take, ba da bango ba. Muryarta tana riga isowa ta tsakar gida kafin ta fito ta wayar, ina jin kowace kalma sau biyu.

Na gaya mata. Ta shiga jero mini tambaya: tun yaushe, yana ciwo, ina iya haɗiya, ina barci, wane likita ne, wa zai kwana da ni a can, me ya sa na rame haka, na karya kuwa yau. Ta ce in juya ta ga gefe, in ɗaga kai, in matso da haske. Ina amsawa kamar yarinyar da aka kai gaban baƙi. A zuciyata kuwa cewa nake, ashe abin da Furera ke sha ke nan safe da yamma, har ta riƙa cewa Inna bari in tafi tukunya na ƙonewa. Ni na ɗanɗana sau ɗaya ina neman shekara hamsin, da wayar aro, kuma daɗinsa bai hana ni jin haushinki ba, ƙara shi ma ya yi. Da na ga ƙofa ta buɗe sai na tattaro ƙarfina na fara cewa Inna, ran Alhamis ne, ina neman ki yafe. Ban kai ƙarshe ba ta ce in tsaya. Gilashin ya yi baƙi.

Na ɗauka tasowa ta yi. Na yi maza na goge fuska, na kwashe kayan da ke kan tabarma, na gyara ɗaurin kallabi, na durƙusa ina fuskantar ƙofa. Hajiya Kulu ta leƙo ta yi mini alama da hannu wai ga ta nan zuwa. Ina sauraren jan silifas ɗinta. Gwiwata ta yi tsami ban ji komai ba. Can sai na jiyo sheshsheƙa, na tashi na tsallaka na tsaya bayan labulenta. Ke ce a wayar. Inna na kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko ran da aka fita da Baba, tana gaya miki waccan ba lafiya, za a yanka ta a wuya, tana gida ɗaya da ita ba ta gani ba. Ina jin ki kina cewa ta yi haƙuri, ta daina kuka, aikin ba wani babba ba ne. Sai ta ce miki yarinyar nan tun da ta haife ta ba ta taɓa saɓa mata ba, ita ke ɗauke da ita shekarun nan duka, ta yafe mata duniya da lahira, Allah ya tashi kafaɗunta.

Kin ji inda yafiyata ta tafi. Abin da na yi wata da watanni ina nema, an faɗe shi, amma Fatakwal aka kai shi. Za ki ce ai dama ta bakin wani take yi mini magana. Ba ɗaya ba ne. Da, in tana gaya wa bango, ta san ina nan, takan ɗaga murya daidai yadda zai iso kunnena, bangon shaida ne kawai. Ran Laraba ba ta san ina bayan labule ba, kuma ba ta ɗago ta duba ba. Zafin ya taso mata, hannunta ya tafi inda ya saba. Na san kiran da kike ta yi mini har da saƙon nan a ciki, kina so ki isar mini. Shi ya sa ban ɗauka ba. Ba na so in karɓe shi daga bakinki.

Tun ranar kuma abin sai ya ƙara gaba. Kunya ta dawo mata ninki biyu, ko inda nake ba ta kallo, wayar kuwa ba ta huta ba. Ta sa murya a zauren zuri'a tana roƙon a yi wa waccan addu'a. Daga Kano, daga Maraɗi, har daga Makka an kira, mutanen da rabona da su tun bikin Rahama. Ta tara bidiyon masu maganin maƙoƙo, tana tura wa Dabo da ke da duk wanda ta samu, wannan ya ce habbatus sauda, wancan ya ce gishirin teku. Duk saboda ni take yi, na sani, ba ta ko cin abincin kirki. Duniya duka ta ji Inna na son ɗiyarta ta fari. Amma har yanzu da nake rubutun nan ba ta tako tsakar gidan nan ba, ni kuma duk lokacin da na je ƙofarta sai in tarar tana magana da wani a kaina, in tsaya in tsaya in juyo.

Rahama ta ce a ɓoye wayar ran Laraba mai zuwa a ce ta faɗa ruwa. Dabo ya ce a zare layin. Na hana su. Wuni za ta yi tana neman wayar, in na durƙusa ma hankalinta na can, kuma ba na son albarkar da aka samo da dabara. Na juya maganar ta kowace fuska, na ga mutum ɗaya ne a duniyar nan in ya ce wa Inna ta ajiye wayar za ta ajiye, kuma shi ne wanda na fi ƙin in roƙa. To, ga ni na roƙa. Ran Alhamis bayan sallar asuba, kafin mota ta zo ɗaukata, ki kira ta kamar yadda kika saba. Kada ki ja gaisuwa, kada ki ba ta Ashraf, kada ki nuna mata jariri. Ki ce mata ta kife wayar a kan gado, ta cire abin kunnen nan, ta tashi ta je ɗakin Yaya ta dafa mata kai. Ki ce ba za ki sake ɗaukar kiranta ba sai ta je ta dawo. Sannan ki kashe taki, ki gaya wa 'yan zauren su yi shiru na safiya ɗaya. Ba sai ta kira sunana ba, ba sai ta kalle ni ba. Ta shigo da hannu biyu ba komai a ciki, ta faɗa wa bangon ɗakina ma ya ishe ni. Kada ki ce mata ni na sa ki.

Ke ma ki yafe mini, da abin da na rubuta a nan da wanda na soke. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma kishin nan bai rage komai a son da nake miki ba. In na tashi da muryata zan kira ki da kaina, in kuma ta tafi, to sai ki saba da karanta takarda.

Ki gaishe mini da Alhaji Mahmud da kyau, ki ce ina yi masa sannu da ƙafa. Ki gaishe da Sadiya da maigidanta, ki shafa mini kan ɗan angona, ki ce wa Ashraf ya rage rawa ya kama karatu. Rahama da mijinta suna gaishe ku, matar Dabo da yaranta suna gaishe ku, Hajiya Kulu ta ce in gaya miki tana nan tana jiran turaren da kika yi mata alkawari. Ga kuka da daddawa da ɗan kilishi nan a hannun Dabo, ki duba kada ya cinye kilishin a hanya. Inna ba sai na isar da gaisuwarta ba, kin riga ni jin ta.

Ran Alhamis zan durƙusa ina fuskantar ƙofa tun da asuba. In na ji jan silifas ɗinta a tsakar gida, zan san ke kika turo ta. Wannan ma zan haɗiye shi, in dai ta zo.

Wassalam. Ni ce yayarki,
Zuwaira Babaji.